Tsohon gida, fatalwa da kaskon garwashi

Da wuya ka shiga wata tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ka rasa gida ɗaya da yara ke ƙara sauri idan sun zo wucewa ta ƙofarsa bayan sallar isha'i. Galibi ginin ƙasa ne mai zaure biyu ko uku, zankayensa sun zaizaye, indararonsa ya karkace, a tsakar gidan kuwa akwai tsamiya ko rijiyar da aka daina ɗiba. Idan ka tambayi dattawan da ke zaune a dakali, ba za su fito maka a mutum ba. Ɗaya zai gyara zama ya ce, "Ai gidan akwai mutane." Kai ma ka san ba mutane irinmu yake nufi ba.

Mu da muka yi boko muna da wata ɗabi'a game da irin wannan zance. A ofis, ko a wajen taro, dariya muke yi masa, mu kira shi camfi. Amma da hira ta yi nisa, aka rage mutum uku ko huɗu, sai ka ji likita ko lauya ko babban sakatare ya sassauta murya ya ce, "Ni fa akwai abin da na taɓa gani a gidanmu." Daga nan kowa sai ya kwance tasa jakar. Abin da nake son faɗa a wannan shafi shi ne, mutanen nan ba ƙarya suke yi ba, kuma ba taɓuwa suka yi ba. Sun ji abin da suka ce sun ji. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan da muke gaggawar raɗa wa abin, domin wannan suna yana iya jawo asarar gida, wani lokaci ma har da asarar rai.

Ya kamata tun farko a raba kalmomi biyu da ake cakuɗawa. Fatalwa a bakin Bahaushe ita ce siffar mamaci da ake cewa ta dawo tana yawo. Ita ce ta cika labaran tsofaffin gidajen Ingila da Amurka, inda ba a rasa wata mata da ta mutu cikin baƙin ciki take zagaya ɗakuna da dare. A wajenmu wannan fassara ba ta yi ƙarfi ba, saboda tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa wanda ya mutu yana barzahu, akwai shamaki tsakaninsa da duniya har ranar tashi, kamar yadda ya zo wajen ƙarshen Suratul Mu'minun. Don haka idan wata ta ce ta ga marigayiyar kishiyarta a bakin rijiya, malam zai gyara mata zance ya ce aljani ne ya ɗauki kamanninta. Shi kuwa aljani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maguzawa suna da iskokinsu tun kafin zuwan Musulunci, 'yan bori suna da Jangare, birnin da suke cewa can ne mazaunin iskokin, sannan ga sura guda a Alƙur'ani mai sunan aljanu. Ke nan Bature yana tsoron wanda ya riga shi zama a gidan ya mutu, Bahaushe kuwa yana tsoron maƙwabcin da suke zaune tare ba ya ganinsa. Abin da kunne ke ji da abin da jiki ke ji dai iri ɗaya ne a ko'ina: takun sawu, motsin ƙofa, nauyi a ƙirji.

Gidan kakanmu yana cikin ganuwar Zariya, kuma a cikinsa na yi shekarun firamare da yawancin hutun sakandare. Ginin tubali ne, kaurin katangarsa daga ƙasa ya kusa kamu biyu, rufin azara, zauren farko da ɗaurin guga. Bayan shigifa akwai sassa huɗu na matan marigayin, amma a zamanina biyu ne kawai ke da mutane. A kan turakarsa akwai soron bene guda, wanda ake hawa ta wata siririyar matakala mai duhu ko da rana tsaka.

Abin da aka fi sanin gidan da shi shi ne daka. Can cikin dare, musamman da hunturu, sai a ji kamar taɓarya na sauka a turmi daga sashen da ba kowa, tim, tim, a yi shiru, a sake. Na ji da kunnena ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Gwaggona, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, takan ce ta san hannun, na amaryar kaka ce da ta rasu wajen haihuwa. Kakata kuwa ba ta son zancen. "Ke dai yi addu'arki ki kwanta," in ji ta, "mu da su kowa da sashensa." Akwai kuma sakatar shigifa, wadda ake sawa daga ciki bayan isha'i, amma kakata ta fito alwalar asuba ta tarar da ita a zare. Akwai wani huci mai kama da minsharin tsoho da ke fitowa daga saman zaure na biyu, wanda ya sa almajiran da ke kwana a nan suka naɗe tabarminsu suka koma masallacin unguwa.

Duk waɗannan ba su tayar wa manya hankali kamar soron bene ba. Duk baƙon da aka saukar a can da sanyi, da safe zai sauko yana dafe da kai. Wani ya ce an tsaya a kansa cikin fararen kaya. Wani ya ce ya ji ana kiran sunansa daga matakala, ya yunƙura zai tashi ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Wani ƙanen kaka da ya zo daga ƙauye sai da aka sauko da shi ranga-ranga, yana amai, bai san inda kansa yake ba. Aka shimfiɗe shi a tsakar gida, aka kira liman ya yi masa tofi, kafin azahar ya wartsake har ya sha fura. Daga ranar aka ɗana wa soron kwaɗo, kuma a unguwa aka fara cewa masu wurin ba sa son baƙi.

Na sakata ne ya fara warwarewa, kuma ya fi ban dariya. Bayan shekaru masu yawa, a wajen wani biki, ƙaramin kawunmu, wanda a lokacin furfura ta riga ta cika masa gemu, ya ba da labarin yadda yake sulalewa zuwa Sabon Gari kallon fim ɗin Indiya, ya kwana a shagon abokansa, da asuba ya bi sahun masu dawowa daga masallaci ya shigo da carbi a hannu. Tsoron aljanin ya yi masa rana, domin babu mai leƙa shigifa bayan ƙarfe goma sha ɗaya.

Mai minshari kuwa maginin da ya hau yin yaɓe kafin damina ne ya gano shi: sheƙar farar mujiya ce, mai fuska kamar faranti, a cikin wani rami tsakanin azara da katanga. 'Ya'yan wannan tsuntsuwa idan suna neman abinci da dare wani irin huci suke yi mai tsawo, wanda duk wanda bai san shi ba zai rantse numfashin mutum ne. Tsoron mujiya ba namu ba ne mu kaɗai. Larabawan jahiliyya sun ɗauka cewa ran wanda aka kashe yakan zama irin wannan tsuntsuwa ta riƙa kuka har sai an ɗaukar masa fansa, kuma wannan yana cikin camfe-camfen da Manzon Allah (SAW) ya rushe a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Shekara dubu da ɗari huɗu bayan haka, har yanzu muna jifar tsuntsuwar da ke cinye mana ɓerayen rumbu.

Game da daka, ban kama mai dakan da hannu ba, amma wanda ya san ginin ƙasa ya san ba ya yin shiru. Azara itacen giginya ce, kuma da hunturu bambancin zafin rana da sanyin dare a Zariya yakan kai digiri 15, saboda haka katako yana buɗewa yana tsukewa, yana ƙara. Sojojin gara idan aka taɓa su sukan buga kawunansu a jikin itace, har a ji kamar ana zuba tsakuwa a faifai. Mafi muhimmanci, gidajen cikin birni katanga ɗaya ke raba su, kuma ƙasa tana ɗaukar bugun taɓarya ta kai shi nesa. Da dare mai sanyi sauti ya fi tafiya, sannan kunnen ɗan Adam ba ya iya tantance inda sauti mai kauri yake fitowa. A unguwar da mata ke tashi tun ƙarfe uku don koko da ƙosai da fura, dakan tsakar dare ba abin mamaki ba ne. Kunne ya ji bugu, zuciya ta nemi inda za ta ajiye shi, ta ajiye shi a sashen da take tsoro.

Yanzu mu koma soron bene, domin saboda shi na ɗauki alƙalami. Mene ne ya bambanta baƙo da ɗan gida? Karamci. Mu 'yan gida muna kwana a ɗakunan ƙasa masu asabari, iska na shiga tana fita. Baƙo kuwa, saboda a girmama shi, sai a hau masa da kaskon garwashi, a toshe 'yar tagar soron da tsumma don kada sanyi ya dame shi, ya ja ƙofa ya rufe. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200, don haka ƙwaƙwalwa sai ta fara yunwa mutum yana barci. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, amai, mutuwar gaɓoɓi, ruɗewa, har da gane-gane da jin muryoyi. Mai karatu ya sake duba abin da baƙin nan suka faɗa. Ƙanen kaka ya warke bayan tofi, wannan gaskiya ne, kuma ba ni da ja da albarkar addu'a. Amma a ina aka yi masa tofin? A tsakar gida, cikin iskar Allah, wadda ita ce abu na farko da likita zai ce a kai shi cikinta. Da an hau da liman soron aka rufe ƙofa, da mutum biyu za a sauko da su.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A shekarar 1921 wani likitan ido a Amurka, William Wilmer, ya buga labarin wani iyali a mujallar likitocin ido ta ƙasar. Sun tare a wani babban tsohon gida a 1912. Ba a jima ba matar ta fara jin takun sawu a ɗakunan da ba kowa, ma'aikatan gidan suna jin ana tura kujeru, yara suka yi fari suka rame, furannin cikin gida suka bushe. Wata rana ta farka ta ga mutum biyu a ƙarshen gadonta, maigidan kuma ya ji kamar an shaƙe shi. Wani ɗan'uwansu ne ya ce a duba ko guba suke shaƙa. Da aka bincika sai aka tarar murhun ɗumama gidan ya lalace, hayaƙinsa na komawa ɗakuna maimakon ya fita ta bututu. Da aka gyara, baƙin dare suka ɗauke ƙafa.

A yau kaskon garwashi bai tafi ko'ina ba, sai ma ya sami abokin aiki, wato janareta. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, mutane suna shigar da shi cikin baranda, ko kicin, ko ƙarƙashin matakala, su rufe tagogi su kwanta. Duk mai karanta jaridun ƙasar nan ya sha cin karo da labarin iyalin da aka wayi gari aka tarar da su duka babu rai, ba rauni, ba alamar shigowar kowa, kuma kafin likita ya yi magana unguwa ta riga ta yanke hukunci: ko abinci aka sa wa guba, ko maita ce, ko mutanen ɓoye. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ba su mutu ba tukuna, waɗanda ke shaƙar kaɗan-kaɗan kullum, suna tashi da ciwon kai da mugayen mafarkai, suna yawo daga wannan mai magani zuwa wancan. Akwai tambayoyin da ba sa buƙatar digiri. Shin mutanen ɗaki ɗaya ne ke fama tare? Shin suna samun sauƙi idan sun fita kasuwa ko sun yi tafiya, abin ya dawo idan sun dawo? Shin ya fi tsanani a daren da aka kunna inji ko aka shigar da wuta? Shin kyanwa ko kajin da ke kwana a wurin sun yi laushi? Idan amsar e ce, a buɗe taga kafin a nemi kowa. Akwai ma 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a bango, tana ƙara da zarar ta shaƙi iskar nan, kuma kuɗinta bai kai na ragon da wasu masu magani ke nema ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne addinin da muke fakewa da shi ya riga likitoci yin wannan gargaɗi ta wata fuska. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a bar wuta a cikin gida lokacin barci, kuma a ruwayar Abu Musa ya yi irin wannan horo bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina. Dalilin da aka ambata gobara ce, amma da an yi aiki da horon a gidanmu, da babu baƙon da zai ga mai fararen kaya. Mun haddace addu'o'in korar shaiɗan, mun manta da umarnin kashe garwashi, alhali daga baki ɗaya suka fito.

Ba kowane nauyin ƙirji ne na hayaƙi ba. Akwai dannau, wanda Bahaushe ya san shi har ya ba shi suna. Mutum ya farka, idonsa biyu, yana ganin ɗakin, amma ko yatsa ba ya iya ɗagawa, yana jin an hau ƙirjinsa, sau da yawa yana ganin wata inuwa a bakin ƙofa. Bayaninsa a likitance shi ne, a matakin barcin da ake mafarki ƙwaƙwalwa takan kashe gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan riga jiki farkawa, sai mafarkin ya zubo cikin ɗakin. Wani nazari da Brian Sharpless da Jacques Barber suka buga a 2011, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa samun dannau, a tsakanin ɗalibai kuwa adadin ya kai wajen 28 cikin 100. Ƙarancin barci, damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Binciken da Baland Jalal da Devon Hinton suka yi a Masar da Denmak ya fi jan hankalina: a Masar, inda da yawa ke danganta shi da aljanu, mutane sun fi tsoronsa, kuma ya fi yawan zo musu. Wato tsoro yana hana barci, rashin barci yana kawo dannau, dannau yana ƙara tsoro. Ka kwantar da mutum a ɗakin da tun da magariba aka gaya masa akwai masu shi, ka riga ka yi rabin aikin.

Sai dai mu 'yan boko ma muna da namu gaggawar. Akwai labarin da masu son nuna wayewa ke yawan kawowa, na wani injiniya ɗan Ingila mai suna Vic Tandy, wanda ya ga wata inuwa toka-toka a ɗakin aikinsa, daga baya ya gano wata fanka ce ke fitar da sauti mai kaurin da kunne ba ya ji. Ya buga bayaninsa a 1998, kuma tun daga nan wasu suka mayar da shi maganin kowace tambaya. Amma da masana a kwalejin Goldsmiths ta Landan suka gina ɗaki na musamman suka gwada, sakamakon da suka buga a 2009 bai nuna sautin ne ke jawo gane-ganen ba. Halin mutumin da ya shiga ɗakin ya fi tasiri. Wanda ya ce "kimiyya ce" bai duba ba, da wanda ya ce "aljanu ne" bai duba ba, duk kanwar ja ce.

Musulmi ba ya musun samuwar aljanu, ni ma ba na yi. Abin da nake musu shi ne cewa imani da su yana nufin a firgice. A Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim akwai labarin wani saurayi sabon aure a lokacin yaƙin Handaƙ, wanda ya dawo gida ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, suka mutu tare. Abin da aka koyar bayan wannan shi ne a yi wa irin wannan maciji gargaɗi na kwana uku kafin a taɓa shi. Ko me mutum ya fahimta daga hadisin, akwai natsuwa a cikinsa, akwai jira, akwai lura. Ina wannan ina abin da muke gani yanzu, inda wani zai shigo gida da tawaga, ya zagaya, ya nuna wani lungu ya ce a tona, a ciro layar da Allah kaɗai Ya san wanda ya binne ta, sannan ya yanka kuɗi? Ina kuma yarinyar da ke da farfaɗiya ko ciwon ƙwaƙwalwa, wadda za a shekara ana yi wa hayaƙi da bulala saboda an ce gidan ne, alhali akwai ƙwayar da za ta tsayar mata da ciwon?

Akwai abu ɗaya da ya faru a gidan nan wanda bai shiga ko ɗaya daga cikin bayanan da na kawo ba, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Wata 'yar'uwarmu da ke aure a Legas ta zo da 'yarta mai shekara huɗu, zuwan yarinyar na farko. Da safe suka sauka. Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida sai ga yarinyar ta fito daga wajen sashen da ba kowa, ta faɗa jikin uwarta tana ƙorafi cewa wata mata ta yi mata faɗa, ta ce ta daina leƙa rijiya. Aka tambaye ta wace mata. Ta ɗaga hannunta ta nuna gefen ƙaramin yatsa, ta ce matar tana da wani ɗan yatsa a nan. Amaryar kaka da ta rasu tana da cindo. Ba ta bar hoto ba, kuma ta mutu tun kafin a haifi uwar yarinyar. Mai shakka zai ce yarinyar ta tsinci zancen a bakin wani, ko a Legas ko a hanya, kuma yara sun fi mu kunne. Yana iya yiwuwa. Ni dai ina wurin, na ga yadda gwaggo ta saki ludayin da ke hannunta. Abin da ya zauna mini a rai shi ne abin da kakata ta yi. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta aika a kira kowa mai tofi ba. Ta dubi kawu ta ce, "Je ka kira kafinta." Kafin magariba an yi wa rijiyar marfi da kwaɗo.

Bayan rasuwarta ne labarin gidan ya zama kuɗi. Magada sun haura talatin, yawancinmu muna Kaduna da Abuja da Kano, babu mai niyyar komawa ginin ƙasa. Gwaggo ce kaɗai a ciki. Aka ce a sa 'yan haya a sassan da ba kowa don a riƙa samun na yaɓe, amma duk wanda ya zo dubawa, kafin ya kai bakin titi an tare shi an ba shi labari. Labarin kuma ya yi ƙiba. Dakan da muka sani ya zama kukan jariri, baƙon da ya sha fura da azahar aka ce a soron ya mutu. Da aka yanke shawarar sayarwa, dillalai suka riƙa zuwa suna girgiza kai, kowa na cewa ai sai dai a taimaka mana. Aka sayar a kan abin da bai kai kuɗin filin ba. Wanda ya saya bai nemi malami ko ɗaya ba. Katafila ya nema. Rabon gwaggo bai isa ya saya mata ko ɗaki ɗaya a bayan gari ba, ta ƙarasa rayuwarta a ɗakin baƙi na gidan ɗan ƙanenta.

Ba mu kaɗai ne muka san labarin fatalwa yana taɓa farashi ba. A 1991 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New York ta ba wani mai saye damar neman warware cinikin wani gida a garin Nyack, saboda mai gidan ta sha gaya wa jaridu cewa akwai fatalwa a ciki, amma ba ta gaya masa ba. Kotun ba ta ce ta ga fatalwa ba. Cewa ta yi sunan da aka yi wa gidan ya shafi darajarsa. A can doka ta kare mai saye daga labarin da aka ɓoye masa. A nan mai sayarwa ne ke buƙatar kariya daga labarin da aka ƙirƙira masa, kuma galibi mai sayarwar nan bazawara ce, ko marayu, ko tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Malamanmu suna yawan wa'azi a kan algus da tauye mudu. Kushe gidan marayu da sunan aljanu don a saye shi da araha yana cikin wannan babi, kuma ya cancanci huɗuba tasa. Masu unguwanni ma sun san dillalan da ke wannan sana'a, da sunayensu.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin gado. Gidan Makama a Kano, wanda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana tsaye saboda an mayar da shi gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, yana tsaye saboda hukuma ta riƙe shi. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 masana gine-gine na zuwa daga nesa su kalla. Amma gidajen malamai da fatake da masaƙa, waɗanda jikokin waɗancan magina suka gina, ba su da mai tsaron su sai mutanen da ke kwana a ciki. Ginin ƙasa kuwa da zarar an daina kwana a cikinsa an daina yi masa yaɓe, damina biyu ko uku sun isa su kwantar da shi. Duk gidan da tsoro ya kora mutane daga cikinsa, an riga an sa hannu a takardar rushe shi.

A wurin da gidanmu yake yanzu akwai shaguna takwas da bene a sama, duk an kama haya. Ranar da ake rushewa wani tsohon magini daga ƙauye ya zo da kura ya saye azarorin soron gaba ɗaya. Ya ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da ƙotar gatari, ya ware biyu da gara ta ci, sauran ya ce zai rufa masallaci da su.